Gilashin bayan mota ya tarwatse a sanyin Winifeg, laifin hita ne?

Baban Sumayya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman masana gilashi da wutar mota su fitar da ni daga duhu. Motar ƙaramar jif ce ƙirar 2014, ta hannu, irin wadda murfin but ɗinta ke ɗagawa tare da gilashin. Muna Winifeg a Kanada, sanyin safiyar yau ya kai digiri 28 ƙasa da sifili. An tayar da mota, an danna maɓallin hitar gilashin baya, wato siraran layukan nan da ke narkar da ƙanƙara. Ba a kai minti 10 ba sai ƙara tas, gilashin ya dagargaje gaba ɗaya. Ba jifa, ba karo, ba a zuba masa ruwan zafi ba. Ledar tinti ce ta riƙe shi, har yanzu yana tsaye a wurinsa bai zube ba.

Abu biyu na lura da su tun kafin yau. Layuka 3 na tsakiya sun daɗe ba sa aiki. Sannan kusurwar ƙasa ta hagu kullum ita ke fara narkewa, har ta bushe sauran wurin bai motsa ba.

Shin hitar ce ta fasa shi, ko sanyin? In na sa sabo, me zai hana a maimaita? Motar uwargida ma layuka 2 sun mutu, a daina kunna tata ne ko akwai gyara?

Usta Mai Gilashi

Wa alaikumus salam. Jaje, Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, kada ka bari a share gilashin nan ko a ture shi. Ɗauki hotonsa daga ciki da waje da rana, domin amsar tambayarka tana rubuce a jikinsa.

Gilashin baya ba irin na gaba ba ne. Na gaba falle biyu ne da roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa ya yi wata da watanni a haka. Na baya da na ƙofofi a yawancin motoci gasasshe ne: ana kai shi zafin digiri 600 da 'yan kai, sai a hura masa iska mai sanyi nan take. Fatar waje ta daskare da wuri ta matse, cikin kuma ya zauna a ɗame yana ja. Kaurinsa duka milimita 3 zuwa 4 ne, kuma fatar da ke kare shi kusan kashi ɗaya cikin biyar ce ta kaurin a kowane gefe, wato ba ta cika milimita ɗaya ba. Kamar buhun da aka danƙara wa hatsi aka ɗinke ne, yana ɗaukar duka, amma da tsini ya ratsa shi sai ya yage har ƙasa. Da rauni ya wuce fatar nan ya taɓa cikin, gilashin duka zai tashi a ƙiftawar ido, ba ya fashewa rabi.

Irin wannan gilashi yana jure bambancin zafi na kusan digiri 200 tsakanin wani sashe da wani, gilashin taga na gida kuwa wajen 40 kawai. Hita mai lafiya ɗumi take yi wanda za ka iya ɗora tafin hannu a kai. Don haka sanyin Winifeg da hita, su kaɗai, ba sa fasa lafiyayyen gilashi. In da suna yi, da ba a bar mota ɗaya da gilashi a Manitoba ba. Ruwa ba ya tsami banza, akwai rauni tun da farko, sanyi da zafi ƙarasa shi suka yi. Tsakiyar gilashi ta ɗumama tana son buɗewa, bakinsa da ke manne da ƙarfen bodi yana nan a daskare, sai jan ya taru a baki, inda gilashin ya fi rauni.

Yanzu je ka tsaya a bayan motar ka bi tsagun da ido. Za ka ga suna fita daga wuri guda suna bazuwa, gutsattsarin sun fi tsawo suna nuna inda abin ya faro.

In ya faro daga baki, ƙarƙashin baƙin fentin nan da ya zagaye gilashin, to ko dai bakin ya taɓa ɓallewa, ko ƙarfe na danna shi. Baƙin fentin yana ɓoye ɓalli, mutum ba zai gani ba. A motar da ta shekara 10 tana shan gishirin titi, tsatsa kan ci leɓen ƙarfen da gilashin ke zaune a kai, ta kumbura ta tokare shi daga ƙasa. Haka ma in an taɓa buge murfin but, fanabita ya miƙe shi bai koma daidai ba, ko an taɓa canza gilashin aka zaunar da shi a kan ƙarfe ba isasshen gam a tsakani.

In ya faro daga ramin waifa, duba notin. Wasu motocin ta cikin gilashi sandar waifa ke fitowa, in robar da ke zagaye da ita ta mutu ko an ɗaure notin fiye da ƙima, ƙarfe na cizon gilashi kai tsaye. Kunna waifa alhali ta daskare a jikin gilashi yana ƙara wa wurin wahala.

In ya faro daga tsakiyar fili, ka ga gutsure biyu manya sun haɗa baki da ɗan ɗigo a tsakaninsu, wannan ƙwayar datti ce daga masana'anta, nikel salfaid. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana kumbura a hankali cikin shekaru har ta fasa gilashin ko mota na ajiye a gareji. Ba kasafai ba ne, kuma ba laifin kowa a gidanka.

In kuma ya faro daga inda wayar hita ke manne da gilashi, ko kan wani layi da ya yi baƙi, maganar ta koma hannun 'yan rewaya. Kusurwar hagun da ka ce tana bushewa da wuri, ni can nake zargi.

Rewaya Kwanar Jaba

Gaskiyar Usta ce, kusurwar nan ita ce abin dubawa. Bari in yi bayanin wutar.

Layukan ba waya ba ce a cikin gilashi, fentin azurfa ne da aka buga a fuskar ciki aka gasa shi tare da gilashin. Shi ya sa farce, reza, ko kwalin kaya da ke gugar gilashi a but ke iya yanke su. Akwai faffaɗan layi a tsaye a dama da hagu. Ɗaya na karɓar wuta, ɗaya na mayarwa bodi, siraran kuma kowanne ya haɗa tsakaninsu da kansa. Duka tare suna jan amfiya 10 zuwa 20, gwargwadon girman gilashi, ta hanyar rile, wato makunnin da ke buɗe wa wuta hanya, da fis mai amfiya 30 ko 40 a yawancin motoci, kuma akwai agogo da ke kashe su bayan minti 10 zuwa 15.

Mutane na cewa in layi 3 sun mutu wutarsu na komawa kan sauran su yi zafi. Ba haka ba ne. Kowane layi gwargwadon kansa yake ja, wanda ya yanke tsaf ya daina ja, shi ke nan, sauran ba ruwansu. Don haka layuka 2 na motar Hajiya, in yankewa suka yi sosai, ba su da haɗari, duhun gani kawai suke jawowa. Abin tsoro shi ne wanda ya yanke rabi. Wutar na bi ta ɗan siririn da ya rage, wurin ya yi zafi, wani lokaci har da tartsatsi in ka duba da dare.

Mafi muni shi ne ɗan kunnen ƙarfen da ake soka wa waya. Wutar gilashin duka ta nan take shiga, ta wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Ɗauka hita na jan amfiya 15, kunnen ya saki ko ya yi tsatsa har ya samu tirjiyar om 0.1 kacal. Lissafi: 15 sau 15 sau 0.1, wat 22 ke nan da ɗoriya a wuri guda, kusan ƙarfin ƙaramin ƙarfen dalma, a bakin gilashin da ke digiri 28 ƙasa da sifili. Irin wannan zafin shi ke fasa gilashi.

Ga yadda za ka gwada ta Hajiya. Samu mitar awon wuta, sa ta a volt 20 na batir. Naɗe tsinin jar wayar da ɗan foyil na kicin, ka danna foyil ɗin da yatsa a kan layi, don kada tsinin ya karce fentin. Baƙar wayar ka kama ƙarfen bodi mai tsabta. Tayar da mota, kunna hita.

Fara da faffaɗan layukan. Gefen wuta ya nuna 12 zuwa 14, gefen bodi ya nuna ƙasa da rabin volt. In gefen bodi ya haura haka, notin da ya ɗaure wayar da bodi ya yi tsatsa, kwance shi ka goge. In gefen wuta sifili ne, duba fis, sai rile, sai kuma robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin rufin mota da murfin but. Wayoyi na bi ta ciki, suna lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa, sanyi na busar da rigarsu, nan suke karyewa. Zame robar ka ja kowace waya a hankali.

Sai ka taɓa tsakiyar kowane siririn layi. Mai lafiya zai ba ka rabi, wajen 6 ko 7. In ya ba ka 12 ko sama, ya yanke tsakanin inda kake da gefen bodi. In ya ba ka sifili, ya yanke tsakaninka da gefen wuta. Ja foyil ɗin a hankali zuwa ɓangaren, inda lambar ta yi tsalle nan ne yankan. Manna ɗan salatif a waje don alama. Layuka biyu ko uku na can sama da ba su haɗe da sauran ba, sau da yawa eriyar rediyo ce, ba sa zafi, kada ka wahalar da kanka.

Gwajin kunne: tsini ɗaya a kan kunnen, ɗaya a kan faffaɗan layi dab da shi, hita na kunne. Ya kamata ka ga kusan sifili. In ka ga 0.3 ko fiye, ko kunnen na motsi a hannu, ko fentin gefensa ya ƙone, cire fis ɗin hitar har a gyara. Ƙarshe, kashe maɓallin ka sake auna gefen wuta. In har yanzu akwai wuta, rile ya manne, hitar na ci ba hutawa, a canza shi.

Gyaran siririn layi ba wuya. Ana sayar da ɗan kwalin fentin azurfa a shagunan kayan mota, na Permatex ya fi yawa a can. Goge wurin da sifirit, bi tsawon layin. Manna salatif sama da ƙasa ka bar faɗin layin kawai. Shafa siriri, ka zarce yankan da kamar rabin santimita kowane gefe, bari ya sha iska, ka ƙara, sau 3. Cire salatif, kada a kunna hita sai bayan awa 24. A gareji mai ɗumi za a yi, a waje cikin wannan sanyi fentin ba zai kama ba. In yankan ya kai tsawon yatsa, ko faffaɗan layi ne ya ci, ni ban ba da shawarar fenti ba, don facin kansa zai zama wurin zafi.

Maman Khalil

Sannu Baban Sumayya, Allah ya tsare gaba. Kafin a samu sabo, a kula da hayaƙin salansa. Mota in tana tafiya, iskar bayanta na juyowa ta shiga duk ramin da ta samu, kuma gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari. Ledar tinti ba za ta riƙe gilashin nan a kan gargada ba. A rufe shi da leda mai kauri daga waje, a manne da faffaɗan salatif, a kashe maɓallin da ke juya iskar cikin mota, a bar fanka na jawo ta waje. Kada a zauna ciki inji na aiki mota na tsaye, balle da yara. A cire fis ɗin hitar ma, don motoci da dama suna kunna ta da kansu in an tayar da su da rimot a sanyi.

A kira MPI, hukumar inshorar motoci ta Manitoba, a buɗe fayil kafin a je shago, a tambayi nawa ne kason da mai mota zai biya daga aljihunsa a tsarin inshorar da kuka saya.

Sannan ba duk laifin hita ba ne in gilashi ya ƙi washewa. In ƙanƙarar a ciki take, danshi ne ya yi yawa: dusar da takalma ke shigowa da ita ta narke a tabarmar ƙafa, da numfashin mutane. A fitar da tabarmin a shanya a gida. Kada a kankare ƙanƙarar ciki da abin kankara ko katin banki, nan ake yanke layukan. Ta waje kuma a fara share dusar da buroshi, don hitar an yi ta ne ta saki siririyar ƙanƙara, ba ta narkar da tudu ba.

Baban Sumayya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba yadda Usta ya ce. Tsagun duka daga kusurwar hagu suka taso, daidai kunnen. Robar da ke kan soket ɗin ta narke gefe guda, fentin wurin ya yi baƙi, kuma akwai dunƙulen dalma a kai, alamar an taɓa liƙa shi. Ta Hajiya kunnuwanta lafiya, layuka 2 ne kawai ke nuna 13 a tsakiya. Me zan sa ido a kai wajen sa sabo?

Usta Mai Gilashi

To magana ta fito. Wani ya taɓa ɗora ƙarfen dalma a wurin. Ƙarfen dalma na haura digiri 300, kuma in aka daɗe da shi a kan gilashi yana ƙona fentin azurfar, ya bar ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Ni a ganina kunnen da ya ɓalle gam mai azurfa ya kamata a sa masa, irin mai ruwa biyu da ake haɗawa, a danne shi ya kwana.

Wajen sa sabo, ka ce a nuna maka leɓen ƙarfen bayan an yanke tsohon gam. In akwai tsatsa, a kankare ta har farin ƙarfe, a shafa farama, wato fentin ƙasa, wadda ta dace, ta bushe, sannan a zuba gam. Wanda ya zuba gam a kan tsatsa ruwa zai shiga, kuma bayan shekara biyu ko uku a dawo gidan jiya. Kafin a ɗora gilashin, shafa yatsa a bakinsa duka zagaye, in ka ji ɓalli ko kaushi a canza wani. Gam ɗin ya tsaya a kan baƙin fenti, kada ya hau layukan hita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a farkon 2024 kamfanin Honda a Amurka ya bayyana cewa a wasu HR-V ƙirar 2023 gam ɗin da aka manne gilashin baya da shi na iya taɓa layukan hita, wurin ya riƙa zafi har gilashin ya raunana ya fashe, kuma ya sanar zai gyara wa masu motocin. Duk wanda sabuwar motarsa ta yi haka, ya kira dila ya ba da lambar shasi mai harafi da lamba 17 a duba masa kafin ya biya ko sisi.

A yi aikin a cikin shago mai ɗumi, domin gam ɗin da danshin iska yake bushewa, sanyi da busasshiyar iska na jinkirta shi. Tambaye su awa nawa kafin a hau titi. Kwana biyu na farko a bar gilashin ƙofa ɗaya a ɗan sauke, kada a buga ƙofa ko but da ƙarfi, kada a kai ta wankin inji. A zuƙe gutsattsarin da ke cikin murfin but ma, in ba haka ba za su yi ta kacau-kacau su toshe ramukan fitar ruwa.

Rewaya Kwanar Jaba

Usta, a nan na ɗan saɓa maka. Daga masana'anta ma da dalma kunnen ke zuwa, kuma dalmar da gwani ya yi ta fi gam ɗaukar amfiya 15. Sharaɗin shi ne gilashin ya kasance da ɗumi, a fara shafa dalmar a kan kunnen tun a ƙasa, sannan a ɗora a taɓa shi daƙiƙa biyu ko uku a ɗauke hannu. Amma ga wanda ba sana'arsa ba, na yarda, gam ya fi aminci, in dai zai auna bayan ya bushe ya ga kusan sifili.

Baban Sumayya, soket ɗin da ya narke kada a mayar da shi kan sabon gilashi. Zafi ya riga ya kashe ƙarfin bakinsa, ba zai ciji kunnen da kyau ba, zafin zai dawo. A yanke shi tare da wayar da ta yi baƙi, a sa sabo da waya mai kauri ɗaya. A duba fis ɗin ko wani ya sa wanda ya fi na littafin mota. In an gama, a kunna hita minti 5 a gabanka, ka bi gilashin da bayan hannu daga ciki: ɗumin ya zama ɗaya ko'ina, kunnuwan kada su fi sauran wuri zafi sosai.

Mu nan gida ma abin na faruwa, don yawancin tokumbo da hitar suke zuwa. Da yawa ba su san maɓallin ba, mai hoton murabba'i da kibiyoyi uku masu lanƙwasa, sai a danna shi bisa kuskure a zafin Afrilu, in rile ya manne ya yi ta ci. Masu cire tinti da reza kuma su ne ke kashe layukan. Da tururi ake cire ledar gilashin baya, a ɗaga ta a hankali, ragowar gam a jiƙa shi a goge da tsumma bisa tsawon layi. Direbobin Jos da Mambila da ke fita da asuba cikin hazo su suka fi buƙatar hitar nan da rai. Wanda zai sayi gilashi na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya tafi da mita, ya sa ta a om tsakanin kunnuwa biyu, ya ga lamba ƙarama wajen 1, ya ɗaga gilashin a rana ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya duba bakinsa, don a ƙasa ake jingine su.